Jirgin Barau Mai Korar Jan-baki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in ta yi daɗi mu kai wa na gida.

A wani ƙauye da ake kira Rijiyar Gawo, tsakanin Kiyawa da Dutse, an yi wani magidanci wai shi Barau. Barau ba mugu ba ne, Allah ya sani. Yana gaida manya, yana zuwa suna da jana'iza, ba a taɓa jin ya ɗauki ko allurar wani ba. Aibinsa ɗaya: bakinsa kullum yana gaban hannunsa da tafiyar yini guda.

Wata shekara, lokacin tashin alhazai, ya sami aikin sassabe a bayan shingen filin jirgin sama na Dutse. Bai shiga jirgi ba, bai taɓa ko tayarsa ba, amma ya ga tashi ya ga sauka ta ramukan waya. Tun da ya dawo, babu zancen da za a ɗauko a majalisa bai karkatar da shi sama ba. In aka ce hadari ya haɗo, sai ya ɗaga kai ya ce yau ba ranar tashi ba ce. Mutane suka laƙaba masa Kyaftin don zolaya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ta kai in ka kira shi Barau sai ya yi kamar da bango kake.

To, ana nan damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai ya fara ido. Shi ne lokacin da jan-baki ke sauka, tsuntsayen nan ƙanana masu tafiya kamar hayaƙi, waɗanda in suka yi wa gona sallama da safe, da yamma sai kara. Mutanen Rijiyar Gawo suna da dabararsu tun kaka da kakanni. Kowace gona ana kafa mata rumfa mai tsayi wadda ta ɗara gero, da doguwar dirka a tsakiyarta. Daga dirkar ake jan igiyoyi zuwa kusurwoyin gona, a rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Mai tsaro ya hau sama da sassafe da kuma bayan la'asar, yana fizgar igiya yana ihu. Aiki ne na maƙogwaro da haƙuri.

Surukin Barau, Malam Sharhabilu, tsoho ne mai ciwon gwiwa, kuma 'ya'yansa maza duk suna birni neman na kansu. Sai ya aika aka kira mijin 'yarsa. Barau ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a ƙofar zaure.

Tsohon ya ce, "Malam Barau, bana ƙafafun nan sun ƙi hawa rumfa. Geron nan shi ne cin gidan nan na shekara, har da abin da ake aika wa ɗakinku. Na bar maka tsaronsa."

Barau ya ce, "Baba, ka kwanta ka yi barci har da minshari. Tsuntsun da zai ci geron nan ba a ƙyanƙyashe shi ba tukuna."

Washegari ya hau rumfa. Bai fi fizga biyu ya yi ba sai ya ji murya daga rumfar gonar da ke maƙwabtaka. Yahuza ne, taubashinsa, wanda tun suna yara bai taɓa ganin ƙeyar Barau ya ƙyale ta ba.

"Kyaftin, barka da hawa! Yau ina muka nufa, Jidda ko Madina? A taimaka a sauke ni a Kiyawa, ina da sayen gishiri."

Maganar ta soki Barau har ƙashi. Ya dubi igiyar da ke hannunsa, ya dubi gwangwanayen madara masu tsatsa, ya ce a ransa, mutumin da ya ga jirgi ido da ido shi ne yau yake kaɗa gwangwani? Ya saki igiyar ya sauko.

Ran kasuwar Kiyawa, a rumfar mai cajin waya, ya ga samari sun yi cincirindo a kan wata waya. Ya leƙa. Wani tsohon Bature ne a tsakiyar fili, riƙe da ɗan mariƙi mai igiya biyu, a ƙarshen igiyoyin kuma ga ɗan ƙaramin jirgi yana kewaya shi yana kuka kamar zanzaro. Baturen yana juyawa tare da jirgin. In ya karkata hannu sama jirgin ya hau, in ya karkata ƙasa ya sauko. Barau ya sa aka maimaita masa har mai wayar ya ce cajinsa zai ƙare.

Da yamma ya tsaya a majalisa ya ba da sanarwa. "Zamanin gwangwani ya wuce. Zan ƙera jirgi mai linzami, ya riƙa kewaya gonar Baba. Jan-baki in ya ga abin da ya fi shi fiffike, ko Nijar ba zai tsaya ba."

Yahuza ya ce, "Kafin ka gama ƙerawa fa, wa zai gaya wa tsuntsayen su jira?"

"Kai dai manomi ne. Ana zancen sama kana zancen kunyar gona."

Gangar jikin ba ta ba shi wahala ba. Ya samo ragowar silin wajen kafinta, ya yanke fukafukai da jela, ya sa tayoyin wani mataccen keken yara, ya shafa fenti kore da fari, ya rubuta KYAFTIN a gefe. Saura inji da farfela, kuma nan ne gizo ke saƙar.

Matarsa Ikilima tana da fankar caji da wanta ya aiko mata daga Kano. Ta dawo daga unguwa ta tarar da kejin fankar a tsakar gida, babu kai.

"Baban Safina, ina cikin fankata?"

"An ɗaukaka ta. Da tana fifita mutum ɗaya, yanzu za ta ceci gari."

"Ni dai garin da na sani shi ne ɗakina, kuma zafi ake yi a cikinsa."

Aka yi gwajin farko a gindin dalbejiyar majalisa. Barau ya ɗaura kan fankar a hancin jirgi, ya danna maɓalli. Fukafukan roba suka juya, iska mai sanyi ta fito ta gaba. Dattawan da ke zaune suka gyara zama suka buɗe wuyan riga. Jirgin ya yi shiru kamar mai tunani, sa'an nan a hankali ya fara ja da baya, ya bi gangare, ya shige ƙarƙashin teburin mai shayi.

Abin da Barau bai lura da shi ba, fanka gabanta take hura iska, shi kuwa jirgi so yake a tura masa iska baya. Amma kafin dariya ta lafa ya riga ya shirya amsa.

"Jahilci dai ciwo ne. Duk jirgin da na gani a Dutse, da baya yake fara fita."

Yahuza ya ce, "To ai ya fita. A kawo masa shayi, mai kauri."

Wani dattijo ya ce, "Kyaftin, in ba za ka tashi yanzu ba, juyo mana da shi nan. Iskar tana da daɗi."

Barau ya yanke hukunci cewa laifin inji ne, ƙarfinsa na mata ne. Ya hau ɗan acaɓa sai Dutse, wajen wani mai gyaran janareta da ake kira Abdulkahar. Ya kwashe bayani ya faɗa masa, ya ƙara da abin da ba a tambaye shi ba. Abdulkahar ya tona cikin tarkace ya zaro wani ɗan inji na na'urar yankan ciyawa, wanda bai fi kan jariri ba.

"Ga wanda zai yi maka. Ba shi da nauyi, yana da gudu. Ka samo masa farfela daidai wuyansa, domin inji da farfela kamar jaki da mangala ne."

Barau ya ɗaga injin da yatsu biyu ya yamutsa fuska. "Malam, jirgi na ce maka, ba sauro ba. Wannan in ya yi kuka, jan-baki zai zaci ƙaninsa ne."

"To Allah ya ba da sa'a, Kyaftin."

A hanyar dawowa ya tuna cewa Malam Sharhabilu yana da injin ban-ruwa na noman rani, yana kwance a ɗakin ajiya tunda damina ce. A zauren tsohon kuma akwai fankar sama ta ƙarfe, wadda aka ɗaura shekarar da aka kafa turakun wuta a garin, wutar ba ta biyo su ba, gizo-gizo ya mayar da ita gida. Barau ya durƙusa ya roƙi aron duka biyun.

Tsohon ya ce, "Malam Barau, an ce mini rumfata babu kowa a kanta."

"Baba, ai shiri ake yi. Mai haƙa rijiya ba ya tsayawa roƙon ruwa a kofi."

Tsohon ya ja carbi, bai ce a'a ba, don kunyar suruki ta kowane ɓangare take.

Wannan karon Barau ya sa mai walda ya murɗe fukafukan fankar suka kalli ɗaya gefen, aka liƙa su a bakin injin. Da aka ɗora injin a kan jirgi sai hanci ya dafe ƙasa, jela ta ɗaga sama kamar jaki zai yi harbi. Barau ya ce wannan ƙaramin abu ne. Ya ɗauko ɗan dutsen niƙa na Ikilima ya ɗaure a jelar, jirgi ya daidaita. Sai da ƙarti biyu suka kama masa kafin aka kai shi fegin da ke bayan gari, wanda ya gangara zuwa kududdufi.

Yahuza ya zagaya jirgin yana riƙe da haɓa. "Ɗan'uwa, ga injin ban-ruwa, ga dutsen niƙa. Ka ƙara turmi da tukunya mana, a kai amarya gaba ɗaya."

"Matsa ka ba ilimi wuri."

Barau ya naɗe igiya a hannu, ya sa aka ja wa inji. Ƙara ta tashi kamar ana niƙa a cikin kunne. Ƙura ta turnuƙe, awaki suka tsinke, jirgin ya yi girgiza ya zabura. Sama dai bai je ba. Ƙasa ya bi, yana tona ta kamar garmar shanu, Barau a bayansa yana gudu yana ihun "Tsaya! Tsaya!" Fiffike ɗaya na fankar ya ɓalle ya yi nasa tashin, ya wuce ta kan danga, ya aske jelar zakaran Iya, matar Malam Sharhabilu, ƙal kamar da aska. Sauran kuwa suka ci gaba da gangarawa, inji da dutse da Kyaftin, har cikin kududdufi. Tsulum! Kwaɗi suka yi shiru.

Barau ya ɗago kai da gansakuka a gira. Yahuza yana bakin ruwa, ya riƙe ciki.

"Kada ka ga laifinsa, ɗan'uwa. Injin ban-ruwa ne, sana'arsa ya tafi nema."

Iya ta iso da zakaranta a hammata. Ba ta iya yi wa suruki faɗa ido da ido, sai ta juya ga zakaran. "Kai ma da karambani. Ana tashin alhazai, wa ya ce ka tsaya a hanya?"

Duk wannan bidiri da ake yi, jan-baki bai tafi hutu ba. Ya gane cewa a duk gonakin Rijiyar Gawo akwai guda ɗaya da ba a ihu a cikinta, kuma ya gaya wa danginsa. Yahuza yakan taimaka da ihu daga tasa rumfar, amma maƙogwaro ɗaya ba ya tsaron gona biyu. Gefen gabas na gonar Malam Sharhabilu ya zama kamar an sussuke shi a tsaye. Ikilima ta je ta gani, ta dawo da zangarniya guda wadda babu ko ƙwaya a jikinta, ta ajiye wa mijinta a kan faifai a maimakon tuwo.

"Mene ne wannan?"

"Ɗanɗanon abin da za mu ci da rani ne."

Da safe Barau ya ɗauki rediyonsa ya koma Dutse, ya ba Abdulkahar, ya karɓi ɗan injin nan da ya raina.

"Ba wai na sauya ra'ayi ba ne. Na horar da matuƙa nake so."

"Haka ne, Kyaftin. Ga gansakuka nan a bayan kunnenka."

Farfela kuwa, ya tafi wajen Talha masassaƙi, mai sassaƙa turmi da muciya. Ya kwatanta masa da hannu: itace mara nauyi, baki biyu, kowane baki a ɗan murɗe. Talha ya sassaƙa yana girgiza kai, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa yin muciyar da za ta tuƙa iska ba. Da aka ɗaura ta aka tayar da inji a tsakar gida, sai jirgin ya fizgi hannun Barau gaba, fizga ta gaske. A karon farko inji da farfela suka yi jituwa. Sabuwar gangar jikin ma ya yi ta da sauƙi, ba dutse ba ƙarfe.

Saura abu ɗaya. Baturen nan juyawa yake yi tare da jirginsa. Barau ya ce bari ya gwada. Ya ɗaura guga a igiya, ya tsaya a tsakar gida ya fara juyi. Bai yi nisa ba sai katanga ta fara bin sa, rumbu ya koma sama, ƙasa ta taso ta mare shi. Ya farka kansa cikin akurkin kaji.

Ikilima ta leƙo daga madafa. "Sannu, Baban Safina. An sauka lafiya?"

Yana kwance yana kallon kaza, ya yanke shawara: shi ba zai juya ba. In jirgi ya zagayo ta baya, sai ya ɗaga mariƙin ta saman kansa ya wuce da shi. Bature bai yi wannan tunanin ba ne kawai.

A ranar Malam Sharhabilu ya sake aikowa. Wannan karon bai ja carbi ba.

"Malam Barau, gobe in rumfata ta yini ba kowa, ni zan hau ta, ko da rarrafe."

"Baba, gobe bayan la'asar ka zo da kujera. Ka gayyato duk wanda kake so."

Igiyar da ta shiga kududdufi ta yi nauyi, kuma babu igiya mai ƙarfi mara nauyi a garin kamar ta korar tsuntsu. Saboda haka washegari da hantsi Barau ya shiga gonar ya kwance igiyoyin kaf, ya zaɓi biyu mafi tsawo, ya tsige gwangwanayen ya rataye su tuli guda a wuyan dirkar rumfa. Ya ce a bar su nan don tarihi. Gona ta zauna tsirara, ba igiya ba mai ihu.

Bayan la'asar gari ya fito. Maza a kan iyakar gona, mata a bayan danga, har da mutanen ƙauyukan kusa da suka ji labarin kududdufi suka ce ba za a sake ba su labari ba. Aka ajiye wa Malam Sharhabilu kujera a gaba. A kan bishiyoyin gawo kuwa jan-baki ya yi sahu, reshe har yana lanƙwasa, su ma kamar an gayyace su.

Barau ya iso cikin babbar rigar aurensa, ta sha sitati tana ƙara, da hula zanna da baƙin tabarau. Ya hau rumfa, ya jingina bayansa da dirka, ya fuskanci surukinsa. Yahuza ne zai saki jirgin daga kan wani dogon suri da ke gefen gona, don babu wanda ya yarda ya matso kusa sai shi.

Yahuza ya ɗaga murya. "Ɗan'uwa, Baturen naka ai juyawa yake yi. Kai na ga ka kafe kamar an dasa ka."

Barau ya amsa yadda kowa zai ji. "Bature ba shi da suruki a wurin. Ni in juya wa Baba baya a gaban jama'a? In yi ta juyi kamar yarinya a dandalin gaɗa? Ba a haife ni a haka ba."

Dattawa suka gyaɗa kai, wani ya ce yaron dai akwai tarbiyya.

Yahuza ya ce, "To dirkar da ke bayanka fa? Ka taɓa ganin akuya a turke? In ta yi ta zagaye, ina igiyar take ƙarewa?"

"Akuya ba ta je Dutse ba. Ja inji!"

Yahuza ya ja, ɗan inji ya ɗauki kuka siriri mai shiga ƙwaƙwalwa. Ya ɗaga jirgin sama da kai, ya yi bisimilla, ya wurga.

Jama'a, jirgin nan ya tashi.

Wallahi ya tashi. Ya ɗan yi tangal-tangal, ya aske kan zangarniya biyu-uku, sa'an nan igiya ta miƙe, ya hau iska yana sheƙi kore da fari a saman gero. Jan-baki ya watse daga kan gawo kamar an watsa ƙasa. Mata suka rangaɗa guɗa. Malam Sharhabilu ya miƙe tsaye, ya manta da gwiwa. Barau ya ji ƙirjinsa ya cika har rigar ta yi masa kaɗan. Ya ɗaga hannu ɗaya yana amsa gaisuwa.

Sai jirgi ya zagaya ta baya.

Barau ya ɗaga mariƙi sama da kansa kamar yadda ya tsara. Amma dirkar ta fi shi tsawo da kamu guda, igiya ta sarƙe ta, ta zagayo ta gabansa ta kwanta masa a ƙirji. Ya ce wannan gyara kaɗan ne. Kafin ya cire ta, jirgi ya sake zagayowa, ta biyu ta kama shi a ciki. Ta uku ta haɗa da damtsensa. Ya buɗe hannuwa zai ture, igiya ta bi ta ƙarƙashin hammata ta naɗe hannun riga, ta bar hannuwan a shanye kamar na mai auna yadi.

Yahuza ya yi ihu, "Juya, Barau! Bi shi ka juya!"

"Ba na juya wa Baba baya!"

Malam Sharhabilu ya ce, "Na yafe! Juya!"

Ina! Ko ya so, dama ta wuce. Kowane zagaye igiya na raguwa, kuma duk raguwar da ta yi jirgi na ƙara sauri yana ƙara matsowa. Da yana kewaya gona, ya koma kewaya rumfa, ya koma kewaya Kyaftin shi kaɗai. Barau yana bin sa da ido, yana karanto duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. Jirgi ya wuce ta gaban hancinsa, iskar ta ɗauke tabarau. Ya sake wucewa, fiffike ya kwashe hula. Mata suka rufe ido, Ikilima ta ɗora hannu a ka.

Allah da ikonsa, a zagayen da ya rage saura taƙi, farfelar Talha ta sari kan dirka ta rabe biyu. Inji ya yi tari ya mutu. Jirgin ya yi lilo, ya zo a hankali ya dafa kafaɗar maigidansa ya tsaya.

Ga Kyaftin a sama, ɗaure tamau daga ƙirji zuwa gwiwa, hannuwa a shanye, babbar riga na kaɗawa.

Da jan-baki ya ji ƙara ta ɗauke, sai ya juyo. Ya taso daga yamma baƙi ƙirin kamar hadari, ya nufo gonar da ba ta da igiya ko ɗaya. Malam Sharhabilu ya ce, "Inna lillahi!" Ya san in suka sauka, kafin magariba an gama da cin shekara.

Barau bai ma gan su ba, ta kansa yake yi. Ya fara fizge-fizge yana kururuwa, "Ku kwance ni! Wayyo jama'a, ku kwance ni! Yahuza, don Allah!" Duk fizgar da ya yi dirka ta girgiza, tulin gwangwanayen da ya rataye don tarihi su ɗauki kara gaba ɗaya, riga mai sitati ta yi fafur-fafur. Tsuntsayen suka zo daf da gero, suka ga wani abu fari mai fiffike yana ihu da muryar mutum, suka yi birki a sama, suka juya. Suka sake gwadawa ta gabas, Barau ya sake kurma ihu, suka sake juyawa.

Yahuza ya kama tsani zai hau da wuƙa. Malam Sharhabilu ya ɗaga sanda.

"Dakata, Yahuza."

"Baba, a bar shi?"

Tsohon ya koma kujerarsa ya zauna, ya gyara riga, ya ciro carbi. "Tun da na ba shi tsaron gonar nan, yau ne ya fara aiki. Kada a katse masa. In an kira magariba a kwance shi ya yi salla."

Barau ya yi ƙasa da murya. "Baba, a duba lamarin."

"Ɗaga murya, Malam Barau. Ga su can ta kudu."

Haka aka yi. Har rana ta faɗi ko tsuntsu ɗaya bai taɓa geron ba. Washegari da asuba aka mayar da igiyoyi da gwangwanayensu, Barau ya hau rumfa da ƙafarsa, kuma bisa umarnin surukinsa, da babbar rigar. Bai sake fashi ba har aka yi girbi. An rasa gefen gabas, amma abin da ya rage ya cika rumbu, aka aika wa ɗakin Ikilima nata rabon. Ita kuwa ta karɓe jirgin ta rataye a madafa, ta ce sai ranar da fankarta ta dawo da kanta.

Kada ku zaci bakin Barau ya mutu. Bayan girbi, a majalisa, Yahuza ya tambaye shi yadda ya ji da ɗauri.

Barau ya kurɓi shayi, ya dube shi da tausayi. "Kai dai ba ka san sama ba. Tambayi duk alhajin da ke garin nan. Akwai wanda jirgi ya taɓa tashi da shi ba a ɗaure shi a kujera ba?"

Wani alhaji da ke wurin ya buɗe baki, ya rufe, ya ce gaskiya an ɗaure shi.

Ƙurunƙus kan jan-baki. Ba don Gizo ba da na yi muku ƙarya, wanda kuma bai yarda ba ya je Rijiyar Gawo ya tambayi zakaran Iya inda jelarsa take.